Batir sabo ne amma kullum da safe sai an tura motar, altanata ce ko me?

Mai Carina, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar wutar mota ku agaza min da shawara, abin ya fara taɓa min abinci. Carina E ce gare ni, ta fetur, injin 1.6, da ita nake ɗaukar fasinja daga Garwa zuwa Figil, wani lokacin in shiga Gidar in an samu mutane. Bayan ƙaramar sallah ta fara yi min nauyin tashi da safe, na kai gareji aka ce batir ne ya gaji, toh dama ya daɗe a jikinta, ban yi gardama ba na sayi sabo dal mai amper 60. Ta yi lafiya na ɗan lokaci sai ga shi abin ya dawo, yanzu ma ya fi na da. In ta kwana, da asuba na murɗa makulli sai dai ka ji ƙat ƙat ƙat, dimarar, wato abin da ke juya inji ya tashi, ba ta juyawa, sai yaran unguwa sun tura ni. Amma da zarar ta tashi na ɗan yi tafiya ko zuwa Pitowa ne na dawo, in na kashe ta na sake tayarwa tashi take ba gardama, haka za mu wuni da ita lafiya lau.

Da dare kuma na lura in ina tsaye a ralanti, wato inji na aiki ban taka totur ba, manyan fitilu sai su yi ja, in na taka totur su ƙara haske. Rediyo tana wani siririn kuka wiii wanda yake ƙaruwa in injin ya ƙara gudu, da ba ta yin haka. Jar fitilar batir ta kan tablo tana kamawa in na buɗe kontak ta mutu in mota ta tashi yadda ta saba, sai dai jifa-jifa a hanya takan kyafta ita da fitilar birki a tare sannan su ɗauke.

Na koma wurin wanda ya sayar min da batir ya ce kayansa lafiya ƙalau, in je in duba altanata, wato na'urar da ke cajin batir. Bakanikena ya ce kawai in sayo wata altanata ta Beljik a ɗaura kowa ya huta. Wani kuma ya ce dimarar ce take cin wuta. Kowa da tasa, kuma duk wadda na bi kuɗi ne zan fitar, ga mai ya yi tsada ga takardun mota suna jirana. Ta yaya zan gane ainihin inda matsalar take kafin in sake kashe ko dala ɗaya?

Ɗan Kusiri

Wa alaikumussalam. Ɗan uwa wannan ai mai sauƙi ne, ka tada motar ka bar ta a ralanti sai ka kwance kan batir guda ka ɗaga shi sama. In ta ci gaba da aiki altanatarka lafiya take, in ta mutu nan take toh ita ce. Haka muke yi tun zamanin Fijo 504. Sannan ka danna kurwa da yatsa ka ji, bel ɗin nan da ke juya altanatar, in ta saki tana santsi caji ba zai yi ƙarfi ba, za ka ji tana ƙara ƙiii da safe ko in ka kunna fitila. Zafin nan namu yana busar da roba da wuri, ka leƙa cikinta da tocila ko ta tsattsage. Allah ya sawwaƙe.

Mai wutar mota, Marwa

Salamu alaikum. Ni aikin wutar mota nake yi a nan Marwa wajen Domayo, a cikinsa furfura ta same ni. Malam na Kusiri, maganarka ta kurwa gaskiya ce a duba, amma ta cire kan batir mota tana aiki, dan girman Allah ka daina ba mutane wannan shawarar, kai ma mai Carina kar ka kuskura. Tsohuwar 504 mai karbirato ba ta da wani abin kirki da zai ƙone sai ƙwan fitila, shi ya sa kuka sha. Carina E tana da kwamfutar inji, ita ke auna mai ita ke ba buji wuta. Batir shi ne yake shanye hawa da saukar wutar da altanata ke fitarwa, in ka zare shi tana tsakiyar caji wutar tana iya yin tsalle ta wuce volt 12 nesa ba kusa ba cikin ƙiftawar ido, ta kashe kwamfutar ko regilatar, wato mai daidaita ƙarfin caji, ko sauran diyod ɗin cikin altanata da suke da rai. Kuma ko ba ta ƙona komai ba gwajin ƙarya yake faɗa, domin altanatar da ta rasa rabin ƙarfinta tana iya riƙe inji a ralanti da rana ba fitila ba fanka, sai ka ce lafiya take alhali ba ta iya cika batir.

Ƙanena, abin da za ka nema mita ce, multimita, 'yar ƙaramar nan mai waya ja da baƙa, duk mai gyaran rediyo ko salula yana da ita, ka ara ko ka saya ba ta da tsada. Ka juya ta kan 20 a ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi, wato DC.

Da safe kafin ka taɓa makulli ka ɗora ja a kan +, baƙa a kan –, a jikin dalmar batir ɗin kanta ba a kan kos ba, wato ƙarfen bakin waya da ake ɗaurewa a kanta. Batir cikakke mai lafiya 12.6 yake nunawa. 12.4 ya ɗan sauka amma zai tada mota. Daga 12.0 zuwa ƙasa saura kaɗan a cikinsa. In ka ga wajen 10.5 toh ɗaki ɗaya ya mutu, don ɗakuna shida ne a ciki kowanne yana ba da volt 2.1, wannan batir ba ya gyaruwa ko jiya aka saye shi, sai ka mayar wa mai shi. Ranar da ka samu batir ɗin a cike kuma ka sa wani ya murɗa makulli kai kana kallon mita, lokacin da dimarar ke juyawa bai kamata ta faɗi ƙasa da 9.6 ba. Amma wannan gwajin a kan batir ɗin da ya kwana ya tsiyaye ba ya gaya maka komai, dole zai faɗi, kuma a nan ne ake ɗora wa dimarar laifin da ba nata ba.

In mota ta tashi ka sake aunawa. Caji mai kyau tsakanin 13.8 ne da 14.5. Kar ka tsaya nan, a nan yawancin mutane suke tsayawa su ce lafiya. Ka kunna manyan fitilu da fanka a lamba ta ƙarshe da duk abin da ke cin wuta, wani ya riƙe maka totur allurar juyin inji tana wajen 2000, ka duba. In ta tsaya a 13.5 ko sama, altanata tana ɗaukar kayanta. In ta zube ƙasa da 13 toh motar daga batir take ci kana tafe. In kuma ka ga ta haura 15 wannan regilatar ce ta lalace tana dafa batir, za ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan batir na ƙafewa, ƙwayayen fitila na ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, amma inaga ba taka ba ce wannan.

Abin da ya ja hankalina a bayaninka abu biyu ne, kwanan da take yi ta wayi gari ba wuta, da kukan rediyo. Altanata ba irin wutar batir take haifarwa ba kai tsaye, a cikinta akwai naɗin waya kashi uku da ke ba da wuta mai kai da komo, sai ta bi ta farantin diyod, aƙalla guda shida, su suke daidaita ta ta zama mai tafiya gefe ɗaya wadda batir zai iya sha. Aikin diyod shi ne ya bar wuta ta fita ya hana ta dawowa. In ɗaya ya ƙone ya haɗe, ƙarfin caji ya ragu, wutar ta fito ba a tace ba shi ne kukan da kake ji a rediyo yana bin gudun inji, sannan in ka kashe mota ka tafi barci wutar batir ta rinƙa komawa baya ta cikin wannan diyod ɗin tana shiga naɗin waya har gari ya waye. Kamar randa ce, da rana ana zuba mata ruwa da ludayi, da dare tana yoyo ta gindi, ko sabuwa ka kawo haka za ta wayi gari.

Ba na cewa ka yarda da ni, ka gwada. Na farko ko mita ba ya so: gobe da asuba kafin a tura ta, buɗe kapo ka ɗora tafin hannu a jikin altanata, in inji ya yi sanyi ita kuma da ɗan ɗumi, ka kama ɓarawon. Na biyu, yau da dare in ka ajiye ta ka kashe ka zare makulli, sannan ka kwance kan – ka ajiye gefe, da safe ka mayar. In ta tashi da kanta batir yana riƙe wuta, wani abu ne a jikin motar yake sha. Ka ga bambanci da maganar ɗazu, wannan inji a kashe ake yi.

Na uku da mita. Ka mayar da jar waya ramin 10A, ka juya mitar can, ka kwance kan –, waya ɗaya a dalmar batir ɗaya a kos ɗin da ka cire, ƙofofi a rufe makulli a aljihunka, kuma kar wanda ya murɗa dimarar a haka mitar za ta ƙone. Mota irin taka in tana barci abin da za ta ci bai wuce amper 0.05 ba, agogo ne da ƙwaƙwalwar rediyo da kwamfuta. In ka ga rabin amper ko ɗaya ko fiye, ka rinƙa zare fizibil, wato fiyus, ɗaya ɗaya kana kallo, wanda ka zare lambar ta faɗi toh a layinsa matsalar take, sau da yawa rediyon da aka ɗaura ba daidai ba ne ko fitilar but da ba ta mutuwa. In ka gama da su lambar tana nan, ka raba mitar da batir tukuna, ka kwance katuwar wayar da ke bayan altanata mai noti, ka naɗe bakinta da tef don kullum da wuta a jikinta in ta taɓa ƙarfe gobara ce, sannan ka sake aunawa. In shan ya tsaya magana ta ƙare.

Akwai kuma gwajin da ake yi da mita a ɓangaren AC mota na aiki, in ya kai rabin volt diyod ne. Sai dai 'yan mitocin nan masu araha da yawansu a wannan wajen sai su nuna maka 28 ko 30 ko a kan lafiyayyar mota, in ka ga haka ka rabu da shi kar ya tsorata ka.

Kyaftawar fitilar batir tare da ta birki kuwa ɗabi'ar tsofaffin Toyota ce, in caji ya yanke sukan kama tare, ba birkinka ba ne in dai man birki yana cike. Galibi sharbon ne, wato ɗan gawayin da ke gogawa a cikin altanata, ya cinye ya gajarta, yana taɓawa yana saki in ka shiga gargada. Kawo mana lambobin da ka samu.

Direban Hiace, Ngawundare

Maigida na Marwa Allah ya ƙara basira, kun gama magana. Abu kaɗan zan ƙara daga abin da muke gani a hanya. Kafin a sauke altanata a duba mas, wato wayar da ke haɗa kan – da jikin mota, da kuma kan batir, wlh motoci da yawa an canza musu altanata a banza alhali wayar mas ce ta ci tsatsa a inda aka ɗaure ta a jikin inji ko a bodi. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a kan kos shi ma yana tare caji, a wanke shi da ruwan zafi da ɗan bikarbonat a kankare a ɗaure tamau, kos ɗin da za ka iya juya shi da hannu bai ɗauru ba, kuma masu cusa ƙusa ko guntun gwangwani a ciki su daina su sayi sabo. Yadda ake ganewa da mita, mota na aiki fitilu a kunne, waya ɗaya a jikin ƙarfen altanata ɗaya a kan – na batir, in ya wuce volt 0.2 mas ɗinka ba shi da kyau. Haka za ka yi daga notin bayan altanata zuwa kan +, shi kuma kar ya kai rabin volt. In a bayan altanata kana samun 14 a kan batir kuma 13, toh ita ba ruwanta, a hanya wutar take ɓacewa.

Sai maganar mai. Mu masu tsofaffin Hiace da Hilux na gazuwal, injin 2L da 3L da 5L, famfon iskar birki a bayan altanata yake kuma man inji yana shiga cikinsa, in robar da ke tsakani ta saki sai mai ya cika altanata ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama laka, sharbon ya maƙale caji ya tsaya. Taka ba ta da wannan famfon amma ka duba ko marfin saman inji yana zubo mata mai. Da masu wankin inji da ke saita mata bakin ruwa mai ƙarfi tana da zafi, ka hana su.

Kuma tunda hanya kake bi da fasinja, ranar da jar fitilar nan ta kama ta ƙi mutuwa, ka tsaya ka buɗe kapo ka ga kurwa tana nan ko ta tsinke. A injin Carina ɗinka kurwar da ke juya altanata ita ke juya famfon ruwa, in ta tsinke ka ci gaba da tafiya ba batir kaɗai za ka rasa ba, inji za ka dafa. In tana nan kuma allurar zafi tana daidai, kashe rediyo da fanka da komai, kar ka kashe inji, ka kama hanyar gari mafi kusa. Da rana batir mai kyau zai kai ka wani wuri, da dare da fitilu ba ya jimawa, kuma mai kwamfuta in wuta ta yi ƙasa mutuwa take yi tana cikin gudu. Ni dai motar da cajinta ke wasa ba na sauka gangaren dutsen nan na falez da ita da dare in zan tafi Garwa, gara in kwana. Ka rinƙa ajiye kurwa guda a but da sifana 12 da 14.

Mai Carina, Garwa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba na Marwa na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya. Na ari mita wurin wani mai gyaran salula a unguwarmu Yelwa. Daren da na bar kan batir a ɗaure, da safe 11.8 na samu kuma da na taɓa altanata da ɗan ɗumi ga inji sanyi ƙalau. Daren da na cire kan – kuma na samu 12.3 kuma ta tashi da kanta ba turi. Tana aiki a ralanti 13.2 take nunawa, da na kunna fitilu da fanka aka riƙe totur sai ta sauko 12.6 ta ƙi hawa. A 10A kuma mota a kashe 1.4 take sha, na zare duk fizibil ɗin ciki da na gaba ban da babban nan da aka ɗaure da noti, ba abin da ya canza, da na cire katuwar wayar bayan altanata sai ya koma 0.03. Mas na auna yadda yayana na Ngawundare ya ce, 0.1 ne, kurwa ma da sauranta ba ta saki ba. A jikin altanatar an rubuta Denso. Yanzu Baba me kuke gani, a gyara wannan ko in sayi ta Beljik ɗin? Kuma batir ɗin nan ya tsira ko shi ma ya tafi?

Mai wutar mota, Marwa

Madalla ƙanena, ka yi aiki mai tsabta. Diyod ne ba tantama, dimararka da mai batir duk ka wanke su. Ka lissafa da kanka, amper 1.4 in mota ta kwana awa 10 amper 14 ke nan suka fita, daga batir mai 60 wanda dama bai taɓa cika ba don cajin rana ba ya isa, ina zai samu ƙarfin juya inji da asuba.

Ni a ganina a gyara, kuma ka yi sa'a Denso ce. Irin waɗannan in aka cire marfin gwangwanin baya komai yana nan a fili da sukurori, gidan sharbon daban, regilatar daban, farantin diyod daban, ba sai an tsaga ta biyu ba. Ka kai wa mai wutar mota, ba bakaniken inji ba, ka tsaya a kansa a buɗe a gabanka. A canza farantin diyod gaba ɗayansa, ban yarda da masu yanke guda ɗaya su liƙa wani da dalma ba, zafin Garwa na watan Maris da Afrilu in ya haɗu da zafin inji ba ya barin irin wannan aikin ya daɗe. A sa sabon sharbon tunda an riga an buɗe, sabo tsawonsa da ke waje wajen milimita 10 ne, in naka bai kai rabin haka ba ba abin jira. A duba zobban tagulla biyu da sharbon ke gogawa, in sun yi rami mai zurfi sabon sharbon ma ba zai zauna ba, a auna tsakaninsu da mita a samu wajen om 3, kuma kada ɗayansu ya haɗu da ƙarfen jiki. A juya puli da hannu, in kana jin gurnani ko tana girgiɗi a canza rulma, wato boris.

Abin da zai raba gardamar gyara ko saye shi ne naɗin wayar. Tunda ta ɗan jima tana shan wuta da dare, ka leƙa ka sansana. In tagullar tana nan da launinta, a gyara. In ta yi baƙi tana warin ƙuna fentin jikinta na ɓarewa, kar ka zuba kuɗin faranti a kai, nemi wata.

Kuma ka san abin da ke kashe diyod don kar a koma gidan jiya. Babba a ciki shi ne tafiya da mataccen batir, tsohon naka da ya gaji ita ta rinƙa ja da iyakar ƙarfinta kullum tana ƙoƙarin cika abin da ba ya cika, ta yi zafi. Sai haɗa waya da wata mota a juye ko da na daƙiƙa ɗaya ne, sai karɓar wuta daga babbar mota mai volt 24, sai walda a jikin mota ba a cire kan batir ba, duk ranar da za a yi maka waldar salansa ka cire da hannunka kar ka jira mai waldar ya tuna.

Batir ɗin inaga zai tsira tunda ya riƙe 12.3 shi kaɗai, amma kowane kwana da yake yi a tsiyaye yana rage masa rai, farantan ciki suna kama wani farin gishiri da ba ya sakin su. Kar ka bar wa gyararriyar altanata aikin cika shi daga ƙasa, ka kai a sa shi a caji a hankali, wajen amper 6, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, ya kwana, ba cajin gaggawar nan da ke sa shi zafi ba. In mai marafai ne a duba ruwa, in ya sauka a ƙara ruwan batir tatacce kawai, ba asid ba, ba ruwan rijiya ko na famfo ba. In an sauke shi ya huta wasu awoyi ka auna, 12.6 ko kusa da haka kake nema, sannan ka yi gwajin 9.6 ɗin nan. Kafin a yi gyaran kuma kullum da dare ka cire kan –, kuma ka haƙura da tafiyar dare.

Mai kayan gyara, Njamena

Sannunku da ƙoƙari. Ni kayan mota nake sayarwa a nan Njamena, kuma ban ƙi maganar Malam na Marwa ba, sai dai akwai inda zan ɗan saɓa. Farantin diyod da regilatar da suka cika kasuwa yanzu da yawansu ba na asali ba ne, kwali mai kyau kaya ba nauyi, ana sawa ya yi aiki sai zafi ya zo ya sake ƙonewa mutum ya ce mai gyara ne bai iya ba. In za a gyara ni shawarata a nemi matacciyar Denso irin taka wadda rulma ko jikinta ne ya lalace, a ciro farantinta na asali a auna kowane diyod da mita, gefe ɗaya ya nuna lamba ɗaya gefen ya yi shiru, a sa maka. Ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. In naɗin ya ƙone kuma ban ba ka shawarar sake naɗi ba ga motar da ke neman abinci kullum, kuma tsakanin ta Beljik ta asali da sabuwa mai sheƙi marar suna, ni ta Beljik zan ɗauka.

Amma Alhaji in za ka saya ka tafi da taka a hannu a jera su. Carina E ba duka altanata iri ɗaya suka zo da ita ba, ka duba bakin soket ɗin baya ya zama iri ɗaya da yawan ƙafafunsa, ka ƙirga layukan puli su yi daidai da kurwarka, ka duba kunnuwan da ake ɗaurewa, ka karanta amper ɗin da ke jikin takardar kar ta gaza taka. Kar ka yarda a yanke maka soket a murɗa wayoyi da hannu don a tilasta wadda ba tata ba ta shiga, a cikin ƙananan wayoyin nan akwai mai kawo wutar kontak akwai ta fitilar tablo, in aka juya su ko dai ta ƙi caji ko ta koma shan batir da dare. Kuma masu cewa ka sayi batir mai amper 90 ko 100 matsala ta ƙare, ba ya ƙara caji ko kaɗan, jinkirta turin kawai yake yi.

Ta Beljik ɗin ma ba a san tafiyar da ta yi ba kafin ta hau jirgi ta sauka Duwala, saboda haka ku yi magana da mai shagon tun kafin kuɗi ya fita, a ɗaura a auna a gabansa, fitilu da fanka a kunne ta riƙe 13.5 zuwa sama, a kashe mota a sa mita a 10A a ga ba ta sha. In ya ce kayan wuta ba a mayarwa, ka wuce shago na gaba.